Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ba a Gajiya da Kallon Columbo?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duka sun shafi abu guda ne, wato tsohon shirin talabijin na Amurka mai suna Columbo, wanda har yau ake samun faya-fayansa a gidaje da dama a Maradi da kewaye, wasu kuma suna yawo da shi a cikin wayoyinsu. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya daga wani matashi a unguwar Ali Ɗan Sofo: "Malam, mahaifina tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuma yana da akwati guda na faya-fayan Columbo da Faransanci. Kusan kowane dare bayan sallar isha'i sai ya sa ɗaya, ko da kuwa ya riga ya kalle shi har ya haddace maganganun da ke ciki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun daga farko ake nuna wanda ya yi kisan da yadda ya yi shi. To mene ne ya rage a kalla? Ba harbi, ba tseren mota, hoton ma ya tsufa."

Amsa: Ɗana, abin da ka ɗauka aibi ne a shirin, shi ne ainihin dalilin da ya sa mahaifinka bai gaji da shi ba. Yawancin fina-finan bincike an gina su ne a kan tambaya ɗaya, wato wa ya yi kisan, kuma mai kallo yana zaune ne kawai yana jiran a faɗa masa suna. Da zarar ya ji sunan, buƙatarsa ta biya, ba shi da sauran dalilin sake kunna faifan. Richard Levinson da William Link, marubutan nan biyu da suka ƙirƙiri Columbo, sun juya wannan tsari ne da gangan. Sukan fara da mai laifin, su bar ka tare da shi na tsawon minti goma sha biyar ko ashirin, ka ga yadda yake shirya kisan cikin natsuwa, yadda yake tanadin shaidar cewa ba ya wurin, yadda yake share sawunsa, har kai da kanka ka ce wannan ba mai iya kama shi. Sai bayan haka ne wani gajeren mutum mai yamutsattsiyar rigar ruwa, wato ɗan sanda Columbo, zai shigo yana laluben aljihu yana neman fensir. Daga nan tambayar da ke ranka ba ta suna ba ce, ta hanya ce: ta ina wannan bawan Allah zai ɓullo wa abin da na ga an kulle shi tam?

Irin wannan tambaya ba ta mutuwa don an san amsarta. Mu mutanen Maradi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin idan aka kammala gasar kokowa ta Takobi, kowa ya san wanda ya yi kaye a karon ƙarshe, amma dubi yadda ake ta maimaita bidiyon a waya, ana tsayar da shi, ana gardama a kan daidai lokacin da aka kama ƙafa da inda ƙugu ya saki. Haka mahaifinka yake yi da faifansa. A kallo na farko yana bin labari ne. A na biyu da na uku kuwa yana neman daidai wurin da Columbo ya fara zargin mutumin, kuma sau da yawa zai tarar cewa tun a haɗuwarsu ta farko ne, cikin wani ɗan abu da ya wuce shi a baya.

Bari in ba ka misali da kashin da aka nuna a 1973, wanda a faya-fayan Faransanci yake ɗauke da sunan Le Spécialiste. Wani ƙwararren likitan zuciya, wanda Leonard Nimoy ya fito a matsayinsa, yana son ya kawar da babban abokin aikinsa, sai ya yi masa tiyata ya ɗinke masa zuciya da zare mai narkewa a maimakon zare mai ɗorewa, domin bayan 'yan kwanaki ɗinkin ya saki, a ce ajali ne. Wata ma'aikaciyar jinya ta lura da zaren, shi kuwa ya kashe ta. Lokacin da Columbo ya fara shiga ofishin likitan, ya same shi a waya ana sanar da shi mutuwar wannan mata, muryarsa cike da alhini, amma hannunsa yana saita agogon da ke kan teburinsa. Babu wanda zai kai mutum kotu saboda ya saita agogo. Sai dai Columbo ya ga abin da kowane dattijo mai lura zai gani, cewa wanda labarin mutuwa ya girgiza da gaske ba ya tuna agogo a wannan lokaci. A kallo na farko za ka iya wucewa ba ka lura ba. A na biyu, idonka yana kan hannun likitan tun kafin ya ajiye wayar, kuma daɗin da za ka ji ya fi na farko.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda a ganina ya fi shafar mutane irin mahaifinka da suka yi shekaru suna aiki a ƙarƙashin manya. Masu laifi a Columbo kusan dukansu masu hannu da shuni ne ko masu muƙami: likitoci, lauyoyi, 'yan siyasa, manyan mawaƙa, attajiran birnin Los Angeles masu gidaje da lambuna da direbobi. Shi kuwa laftanar ne kawai a sashen binciken kisan kai, mai tsohuwar mota da tsohon takalmi, wanda a wasu gidajen ma akan ɗauke shi mabaraci ko ɗan aike. Ba kasafai yake ɗaga murya ba, ba ya nuna ya fi kowa sani. Yakan yaba wa mutum gidansa, ya tambaye shi kuɗin takalminsa, ya ce matarsa tana ƙaunar aikinsa ƙwarai, ya yi sallama har ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo ya ce akwai wani ɗan abu guda da ya manta bai tambaya ba. Wannan ɗan abin shi ne dalilin zuwansa tun asali. Mai laifin, saboda raini, sai ya fara koya masa aikinsa, yana ba shi bayani a kan abin da ba a tambaye shi ba, kuma kowane sabon bayani yana buƙatar wata ƙaryar da za ta tallafe shi. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma ban san wani shirin talabijin da ya tsaya a kan wannan magana da gaske kamar wannan ba. Duk wanda aka taɓa yi wa kallon banza a ofis saboda tufafinsa ya san abin da ake ji idan aka ga gaskiya ta fito ta hannun wanda aka raina, ba tare da ya zagi kowa ba.

Game da tsufan hoto da ka ambata, ka bambanta tsakanin tsufan faifan da ke hannunku da tsufan aikin kansa. An ɗauki shirin ne a kan fim na milimita 35, irin wanda ake ɗaukar fina-finan silima da shi, shi ya sa ake iya komawa ga asalinsa a sake fitar da hoto garau. Kuma ba a yi shi cikin gaggawa ba. Tsakanin 1971 da 1978, lokacin da tashar NBC take nuna shi, bai taɓa wuce kashi takwas a zango guda ba, domin ana karɓa-karɓa ne tsakaninsa da wasu shirye-shiryen bincike a fili ɗaya. Wannan ya ba marubuta sararin tsara labari mai ƙulli, ya kuma jawo ƙwararru. Kashin farko na zangon farko, a watan Satumba na 1971, Steven Spielberg ne ya ba da umarninsa yana saurayi ɗan shekara 24, kafin duniya ta san shi. Peter Falk, wanda ya fito a matsayin Columbo, ya karɓi lambar yabo ta Emmy sau huɗu saboda wannan rawa.

Shawarata gare ka ita ce ka zauna da mahaifinka wani dare, ka ajiye waya, ka tambaye shi ya nuna maka inda mai laifin ya yi kuskurensa na farko. Ina kyautata zaton zai ji daɗin tambayar fiye da yadda kake tsammani.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Tasawa: "Maigidana yana son mu riƙa kallon shirin tare da yara, yana cewa zai gyara musu Faransanci. Ni kuwa ina ɗari-ɗari, tunda dai labarin kisan kai ne. Ya dace yara su kalla?"

Amsa: Malama, ɗari-ɗarinki yana kan hanya, kuma ba zan ce miki shirin tas yake ba. Kusan kowane kashi yana farawa ne da ɗaukar rai. Ana shan giya a gidajen attajiran nan kamar ruwa, Columbo kansa ba ya rabuwa da taba a baki, kuma sau da yawa dalilin kisan cin amanar aure ne ko kwaɗayin gado. Kasusuwan da aka yi daga 1989 zuwa 2003, bayan da tashar ABC ta farfaɗo da shirin, sun fi na farko sakin jiki a sutura da mu'amalar maza da mata, don haka su ne ya fi kamata ki fara dubawa ke kaɗai kafin ki sa wa kowa.

Duk da haka, idan kika auna shi da abin da yaranmu suke gani a waya yau, bambancin yana da girma. Ba kasafai ake nuna jini ba, kyamara takan kau da kai a lokacin kisan, kuma jarumin shirin ba ya ɗaukar bindiga, har an nuna cewa yana guje wa zuwa gwajin harbi da ake wajabta wa 'yan sanda. Abin da yaro zai ga ana girmamawa shi ne lura, haƙuri da iya magana da mutane. Wasu iyaye suna tsoron kada shirin ya koya wa yara dabarun aikata laifi, amma ni ban ga haka ba, domin abin da yake maimaitawa a kowane kashi shi ne cewa shiri komai kyansa yana da ɓaraka, kuma mafi wayon mutane ma ba ya iya tuna kowace ƙaryar da ya yi.

A ra'ayina, yaron da bai kai shekara 12 ba ba zai ma iya bin doguwar tattaunawar ba, gajiya zai yi, kuma babu dalilin tilasta masa. Waɗanda suka haura haka za su iya kallo tare da ku, da sharaɗin ku ne kuka zaɓi kashin. Akwai abu guda da nake so ki tattauna da su bayan kallo: Columbo yakan yi kamar bai gane ba alhali ya gane, wani lokaci ma yakan ɗana tarko da maganar da ba gaskiya ba. Ya kamata yaro ya ji daga bakin uwarsa cewa wannan dabarar mai bincike ce a gaban wanda ya kashe rai, ba halin da za a ɗauka a yi wa iyaye ko malamai ba. Maganar Faransanci kuwa, maigidanki yana da gaskiya. Serge Sauvion, wanda ya ɗora wa Columbo murya da Faransanci shekaru masu yawa, yana magana a tsanake, kuma tunda shirin kusan duk tattaunawa ne, ɗalibi zai ji yadda ake tambaya cikin ladabi da yadda ake kawo hujja.

Tambaya daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Sabon Gari: "Ɗana da ke Amurka ya aiko mini da cikakken akwatin shirin, amma na'urata ta ƙi karɓar faya-fayan. Waɗanda na saya a nan kuwa, masu fim goma sha biyar a faifai ɗaya, hoton yana daskarewa. Ina kuma da tsofaffin kaset na bidiyo da nake tsoron su lalace. Ina mafita?"

Amsa: Ranku ya daɗe, Alhaji, faya-fayan da aka aiko muku lafiyarsu ƙalau, matsalar ta shiyya ce. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya a tsarin DVD: Amurka da Kanada suna shiyya ta 1, Faransa da yawancin Turai suna ta 2, mu kuma a Nijar da Najeriya da yawancin Afirka muna ta 5. Na'urar da aka kulle a kan shiyya ɗaya ba ta karɓar faifan wata. Abin farin ciki shi ne, da yawa daga cikin ƙananan na'urori masu araha da ake kawowa daga Sin ba su da wannan kulle, don haka ku ɗauki faifai ɗaya ku je da shi shago, a gwada a gabanku kafin ku biya. Kwamfuta ma takan iya buɗe shi. Sai dai ku duba bayan kwalin ku ga harsunan da aka lissafa, domin bugun Amurka ba lalle ne ya ƙunshi muryar Faransanci ba. Idan kuma wata rana kuka koma ga Blu-ray, wato faifan da ya biyo bayan DVD mai hoto garau, rabon shiyyar ya bambanta: Afirka da yawancin Turai suna tare a shiyyar B, Amurka tana A. Kamfanin Kino Lorber ya fitar da kasusuwan shekarun 1970 a wannan tsari a Amurka a ƙarshen 2023, da hoton da aka sake gyarawa.

Faifai mai fim goma sha biyar kuwa, lissafi ne ya ƙi. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5, kuma na farkon an yi shi ne don kimanin awa biyu na hoto mai kyau. Kowane kashin Columbo yana tsakanin kusan minti 75 da minti 95. Wanda ya cusa goma sha biyar a faifai guda dole ya matse hoton har ya rasa ƙananan abubuwan da ke cikinsa, kuma a wannan shiri ƙananan abubuwan su ne komai. Akwai kashin da aka kama mai laifi saboda yadda aka ɗaure igiyar takalmin mamacin, domin wanda ya ɗaure wa wani takalmi yana fuskantarsa, madaukin yakan fito ta ɓangaren da ba na mai takalmin ba. A faifan da aka matse, ba za ku ga igiyar ba balle madaukinta. Ban da wannan, irin waɗannan faya-fayan ba da izinin masu aikin aka buga su ba, kuma tunda Allah ya hore muku na asali, ku riƙe shi.

Wajen adanawa, manyan abokan gabarku biyu ne, zafin bazara da ƙurar hunturu. Kada a bar faifai a cikin mota ko a kan talabijin, domin a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a inuwa, roba tana iya lanƙwashewa. A mayar da kowane faifai cikin kwalinsa, a jera su a tsaye. A riƙe shi ta gefe, kuma idan za a goge, a yi amfani da ƙyallen auduga mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, saboda ƙarcen da ya bi da'irar faifan ya fi wanda ya ratsa ta ɓarna. Idan kuna da tsofaffin faya-fayan VCD, ku kula da fuskar da ke da rubutu fiye da ɗayar, domin a irinsu bayanan suna dab da wannan fuska ne. Na'urar kanta a rufe ta da zane, a kuma cire ta daga soket idan an ɗauke wuta, saboda dawowar wutar da ƙarfi ita ce ke ƙona na'urori.

Kaset ɗinku kuwa, kada ku jinkirta. Kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, wato Funai na Japan, ya daina tun 2016, kuma zaren kaset yana rauni da shekaru ko ba a kunna shi. Columbo dai kuna da shi a faifai, ba asara. Amma idan a cikin kaset ɗin nan akwai bikin aure, ko suna, ko dawowarku daga aikin Hajji, su ne ba su da madadi a ko'ina, kuma su ya kamata ku fara kai wa mai na'ura ya juye muku zuwa kwamfuta, ku ajiye kwafi biyu a wurare daban.

Tambaya daga wani bakanike a Tibiri: "Wace irin mota ce yake tuƙawa? Kuma idonsa ɗaya da yake kamar a karkace, wasa ne ko haka yake? Matar da kullum yake ambata fa, an taɓa nuna ta?"

Amsa: Malam, motar Fijo 403 ce mai buɗaɗɗen rufi, yayar 404 da 504 waɗanda ku masu gyara kuka san cikinsu da bayansu. Kamfanin ya ƙera 403 daga 1955 zuwa 1966, kuma mai buɗaɗɗen rufin kaɗan aka yi. Idon ba wasa ba ne. An cire wa Peter Falk idonsa na dama yana ɗan shekara uku saboda cutar daji, ya rayu da idon roba har rasuwarsa a watan Yuni na 2011 yana da shekara 83. Rigar ruwan ma tasa ce ta kansa, shi ya kawo ta wurin ɗaukar shirin. Matar kuwa ba a taɓa nuna ta ba a cikin kashi 69 da aka yi. A 1979 tashar NBC ta gwada wani shiri daban da sunan matar, ba da son waɗanda suka ƙirƙiri Columbo ba, kuma bai yi nisa ba aka dakatar da shi.

Tambaya daga wata ɗalibar shari'a, 'yar Maradi da ke karatu a Yamai: "Shin hujjojin da Columbo yake kama mutane da su za su iya tsayawa a gaban alƙali? Kuma ga wanda bai taɓa kallo ba, daga ina ya kamata ya fara?"

Amsa: 'Yata, da yawansu ba za su tsaya su kaɗai ba, kuma kin yi daidai da kika lura. Shirin yana ƙarewa ne a lokacin da mai laifin ya sunkuyar da kai ya amsa, ba ya bin shari'ar zuwa kotu. A zahiri, attajirin da ke da lauya ba zai yi ta hira da ɗan sanda haka ba, musamman a Amurka inda tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1966 ya zama wajibi a sanar da wanda aka kama cewa yana da 'yancin yin shiru da neman lauya kafin a yi masa tambayoyi. A tsarinmu na Nijar ma, kamar yadda kike karantawa, jami'in 'yan sanda yana aiki ne a ƙarƙashin mai gabatar da ƙara, kuma babban laifi irin kisan kai sai ya bi ta hannun alƙali mai bincike, wanda aikinsa ne ya nemo abin da ke ɗaure wanda ake tuhuma da abin da ke wanke shi. Mutum ɗaya da ke bin zuciyarsa daga gida zuwa gida ba shi ne yake yanke komai ba.

Akwai dai kasusuwan da hujjarsu take da ƙarfi ƙwarai, kuma wanda na fi so ki kalla a matsayinki na ɗalibar shari'a shi ne na 1974 mai suna En toute amitié. Mai laifin a nan mataimakin kwamishinan 'yan sanda ne, wato maigidan Columbo a wurin aiki, wanda ya kashe matarsa ya so ya ɗora wa wani tsohon ɓarawo. Columbo ya canza adireshin ɓarawon a cikin fayil, ya sa na wani ɗaki da shi kansa ya kama haya, ya bar fayil ɗin inda maigidan zai gani. Maigidan ya je ya ɓoye kayan ado na sata a ɗakin, sannan ya jagoranci 'yan sanda zuwa bincike. Da aka gano kayan, sai Columbo ya fara buɗe durowa yana nuna rigunansa da hotunan danginsa, ya bayyana cewa ɗakin nasa ne, kuma babu wanda ya ga wannan adireshi sai mutum ɗaya. Ki dubi abin da ya sa a kan layi: aikinsa, da abincin iyalinsa, domin ya wanke wani ɓarawo da ba wanda zai yi kuka idan an ɗaure shi a kan laifin da bai yi ba.

Abin da nake fata ke da abokan karatunki ku ɗauka daga shirin shi ne cewa Columbo bai taɓa samun amsa ta hanyar duka ko azabtarwa ba. A shekarun 1970 babu gwajin ƙwayoyin halitta, babu wayar hannu da za a bi sawunta, abin da yake da shi shi ne ido, kunne, ɗan littafin rubutu da yawan komawa wurin da abin ya faru. Yakan tambayi mai gadi da mai shara da direba da irin girmamawar da yake yi wa maigidan, kuma sau da yawa a bakinsu yake samun bakin zaren. Wannan ɓangare na aikinsa gaskiya ne, kuma ana iya yin sa a Maradi kamar yadda ake iya yin sa a Los Angeles.

Game da inda za a fara, kasusuwa 45 na farko, daga 1968 zuwa 1978, sun fi 24 na baya ƙarfi, ko da yake a cikin na bayan ma akwai masu kyau, musamman waɗanda Patrick McGoohan ya fito a ciki. Tunda kowane kashi labari ne mai zaman kansa, ba dole ne a bi su a jere ba. Ni nakan ba sabon mai kallo shawarar ya fara da Le Livre témoin na 1971, wato wanda Spielberg ya ba da umarninsa, sannan na likitan zuciya, sannan na mataimakin kwamishina. Gajerun, masu kusan minti 75, sun fi tsauri a saƙa, domin a wasu dogayen akan ji an ƙara fage don cika lokaci. Fim ɗin farko na 1968, Inculpé de meurtre, a bar shi sai an saba da mutumin, saboda a cikinsa Columbo yana da gyararren gashi da tufafi masu tsabta, yana kuma da zafi a tambaya, har ya tsananta wa wata mata da ake zargi da taimakon mai kisan, kuma wanda ya fara da shi zai ɗauka haka halinsa yake a sauran.